Ba kisan Dele Giwa ne ya kashe Newswatch ba

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne mujallar Newswatch ta mutu tun ranar da aka kashe Dele Giwa, kamar yadda ka ji ana faɗa, da kuma su wane ne suka riƙe ta bayansa. Ina cikin waɗanda suka riƙa sayen ta mako-mako tun ina ƙaramin malamin sakandare a Kaduna, kuma har yau akwai kwali biyu na tsofaffin fitowarta a ɗakina, gefen takardun ya yi ja, ƙusoshin tsakiya sun yi tsatsa. Amsata ita ce a'a, kuma dalilin yana cikin yadda aka kafa ta.

Fitowarta ta farko ta zo ne a ranar 28 ga Janairu, 1985, a zamanin da Doka ta 4 ta gwamnatin Janar Buhari, wadda ta takura wa 'yan jarida, ta riga ta kai Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian gidan yari. Mutum huɗu ne suka haɗa kai suka kafa ta, kuma kowannensu ya riga ya goge a aikin kafin nan. Dele Giwa ya yi aiki da New York Times a Amurka, ya dawo ya zama editan Sunday Concord ta Abiola. Ray Ekpu da Yakubu Mohammed su ma daga gidan Concord suka fito. Dan Agbese kuwa editan New Nigerian ne a nan Kaduna. Abin da mutane ke mantawa shi ne waɗannan huɗun ba ma'aikatan wani attajiri ba ne, su ne editoci kuma suna da hannun jari a kamfanin, wanda ya sa idan suka yanke shawara a kan labarin da zai hau bango, babu wani mai gida da zai bugo waya cikin dare ya ce a sauke shi.

Giwa ne babban edita na farko, kuma shi ne fuskar mujallar. Ranar Lahadi, 19 ga Oktoba, 1986, aka kai masa wani ƙunshin saƙo mai ɗauke da bam gidansa da ke Ikeja, ya fashe a jikinsa, kwanaki kaɗan bayan jami'an tsaro sun gayyace shi sun yi masa tambayoyi. Kayode Soyinka, wakilinsu na Landan da ke zaune tare da shi, ya tsira. Ina tuna safiyar Litinin ɗin a ɗakin malamai: an baje jarida a kan tebur, shayi ya huce a kofuna, an kaɗa ƙararrawa amma babu wanda ya motsa zuwa aji. Lauya Gani Fawehinmi ya yi shekaru yana bin maganar a kotu, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Wannan abu yana ci mini rai duk lokacin da na buɗe kwalin nan.

To, amma mujallar ba ta faɗi ba. Ray Ekpu ya hau kujerar babban edita, suka ci gaba da fitowa suna maimaita tambayar wanda ya kashe abokinsu. Ba a yi wata shida cikakke ba, a Afrilun 1987, suka buga rahoton kwamitin tsara makomar siyasar ƙasa da Samuel Cookey ya jagoranta kafin gwamnatin Babangida ta sake shi, aka kuwa yi dokar rufe su na wata shida. Wanda tsoro ya karya ba zai yi wannan ba. A 1994 ma, zamanin Abacha, an tsare Ekpu da Agbese da Yakubu Mohammed saboda hirar da suka buga da tsohon hafsan soja David Mark. Bayan Ekpu, Agbese ne ya zama babban edita, kuma a ra'ayina alƙalaminsa ya fi na sauran natsuwa. Na sha yanko sharhinsa in kai aji, in sa ɗalibai su ƙirga kalmomin jimla su ga yadda ake faɗin babbar magana a taƙaice.

Gaskiya ne ƙarfinta ya ragu a shekarun 1990. A 1991 Nosa Igiebor da Dare Babarinsa da Onome Osifo-Whiskey da wasu abokansu suka bar ta suka kafa mujallar Tell, sannan TheNews ta biyo baya a 1993, kuma waɗannan sun fi ta zafin harshe a rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni. Mai sayar mana da jarida a bakin hanya ya fara ɗora Tell a sama, Newswatch a ƙarƙashi, domin ya san abin da idon mai saye ke nema. Duk da haka ta ci gaba da fitowa fiye da shekara 25 bayan Giwa.

Abin da ya durƙusar da ita kuɗi ne da mallaka. Talla ta ragu, intanet ta janye masu karatu, sai a 2011 aka miƙa kashi 51 cikin ɗari na hannun jarin ga kamfanin ɗan kasuwa Jimoh Ibrahim. Daga wannan rana editocin da suka kafa ta ba su ne masu magana ta ƙarshe ba. A 2012 aka dakatar da buga ta, saɓani ya shiga tsakanin sabon mai ita da tsofaffin, magana ta koma gaban kotu. Fitowa ta ƙarshe da ke cikin kwalina ta wannan shekarar ce, kuma idan kana Kaduna kana son ka ga na 1986 da idonka, zan ara maka, da sharaɗin ka juya shafukan a hankali domin sun fara karyewa.