Kaka ta haifi goma, yanzu kuma ake cewa mun yi yawa?

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa. Na ji a rediyo wai Nijar tana cikin ƙasashen da jama'arsu ta fi saurin ƙaruwa, kuma jahar Damagaram ce kan gaba a yawa. To kakarmu haihuwarta goma, ni huɗu gare ni. Ta ina yawan ya ɓullo? Ko lissafin ƴan biro ne kawai?
Wata mai karatu, Garin Malam, Zinder.

AMSA: Ƴata, in tsohuwa tana raye, Allah ya ƙara mata lafiya, ki tambaye ta a hankali: cikin goman nan nawa suka kai aure? Rabin amsarki yana bakinta. Binciken lafiya na 1992 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin uku ba ya cika shekara biyar a ƙasar nan. Ƙyanda ta ɗauka, sanƙarau ya ɗauka, zazzaɓin damina ya kwashe nasa. Zuwa 2012 abin ya sauko wajen ɗaya cikin takwas, albarkacin rigakafi, gidan sauro da ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Waɗanda da an kai makwanci suna goye, su ne iyayen yau.

Lissafin kuwa ba na biro ba ne, da ƙafa ake yin sa. A ƙidayar 1988 ina mushen lakwal a wani ƙauye can wajen Magariya, aka ba ni takardu na bi gida-gida. Wani dattijo ya ce mini ƴaƴansa uku, alhali ga yara tara sun kewaye kwanon fura a zaure. Yana tsammanin lanho za a ƙara masa. Wata kuma ta lissafo duka ta tsallake ɗan fari don kunya, sai kishiyarta ce ta faɗi sunan. Shi ya sa in an ce alƙaluman sun kuskure, ni na fi zaton ragi aka yi mana.

A ƙidayar 1977 an samu mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, a 1988 miliyan 7, a 2001 miliyan 11, a 2012 kuma miliyan 17 da dubu 138. A wannan ta ƙarshe jaharmu ta haura miliyan 3 da rabi, ta ɗan gota Maraɗi da Tawa. Tsakanin 2001 da 2012 ƙaruwar ƙasar kashi 3.9 cikin ɗari ce a shekara, a haka ke nan duk shekara 18 sai mu ninka. Kuma ba ko'ina ake cunkushe ba: ki bi hanyar Matamaye zuwa Magariya, gona na manne da gona, amma can Tasker sai ki wuni kina tafiya, raƙuma kawai.

Huɗunki ma ba su fi ƙarfin lissafin ba. A 2012 mace ɗaya kan haifi 7.6 in an raba daidai, binciken 2021 ya samu 6.2. Haihuwa ta fara ja da baya, sai dai kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Ko kowace yarinya ta tsaya a huɗu irinki, masu haihuwar ne suka yi yawa.

Ni ba na cikin masu cewa ƴaƴa masifa ne. Abin da ke ci mini rai shi ne mun san adadin, ba mu yi masa tanadi ba. Rijiyoyin Arunguza da na Ganaram suna turo ruwa garin Damagaram, amma je ki bakin pampo a watan bazara ki ƙirga bido. Gonar mahaifinmu ta ci da gida guda har da ragowar hatsi a rumbu. Mu shida muka raba ta. Nawa kason, in na kwanta dama, mutum bakwai ne za su ja masa igiya.