Da gaske ne motocin yanzu gwangwani ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Kawo, mahaifiyata kuma tana Zariya, kusan kowane ƙarshen mako ina kan hanya da yara. Na karɓi bashin kofaretib zan canja mota, amma hankalina ya kasa kwanciya. Yayana ya dage sai dai in nemi tsohuwar Fijo 406 ko Marsandi ta da, wai motocin yanzu duk gwangwani ne, kamfanoni suna rage ƙarfe da gangan don mota ta mutu da wuri a sayi wata. Abokin aikina kuma ya ce wasu Toyotocin da ake kawo mana ma Suzuki ne aka manna musu tambari. Kwanan baya na ga wata sabuwar mota a wajen Jaji gabanta ya murƙushe har gilashi, tun ranar nake tunanin 'ya'yana. Don Allah ina gaskiyar take, kuma wace irin mota ce za ta tsare min iyali?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya yara.

Maganar abokin aikinka ita ce mai sauƙi, kuma ya yi gaskiya. Toyota Starlet da aka dawo da sunanta a kasuwannin Afirka a 2020 Suzuki Baleno ce, a Indiya ake ƙera ta. Rumion kuma Ertiga ce. Ba jabu ba ne, yarjejeniya ce tsakanin kamfanonin biyu: Suzuki ta ƙware a ƙaramar mota mai araha, Toyota tana da suna da dillalai ko'ina. Abin kuma ba yau aka fara ba. Pontiac Vibe da ta cika titunan Kaduna, inji da giyarta na Toyota Matrix ne. Lexus ES350 da 'yan kasuwarmu ke ji da ita, ƙashinta ɗaya da Camry, GX460 kuwa Prado ce ta sha ado. Fijon da muke kira tamu ma, tun Janairun 2021 tana ƙarƙashin Stellantis, gida ɗaya da Fiat da Jeep da Opel, kuma fikof ɗinsu Landtrek tare da kamfanin Changan na Sin aka ƙirƙiro ta. Zana sabuwar mota daga tushe kuɗi ne masu ɗimbin yawa, shi ya sa ake yin ƙashi ɗaya a ɗora masa riguna daban-daban. Tambari zai gaya maka wanda zai ba ka garanti da yadda motar za ta yi daraja ranar sayarwa. Abin da ke ƙasan bonet kuwa sai ka tambaya: wane inji, wace giya, kuma wace ƙasa aka yi wa ita.

Maganar Yaya ce, da girmansa, nake so mu zauna a kanta, domin babu ranar da ba na jin ta a gareji, kuma magana ce da ke kai mutane kabari. Mutum zai zo sayen mota, bai buɗe bonet ba, bai duba shekarar taya ba, sai ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya kasa kunne. In ƙarar ta yi nauyi ya gyaɗa kai ya ce "wannan ita ce mota." In ta yi sama-sama ya taɓe baki. Dillali yana gefe yana zuga shi, "Alhaji ai wannan ko tirela ta daka sai dai tirelar ta ji jiki," don la'adarsa kawai yake hange.

Na san inda abin ya samo asali. Mu 'yan Kaduna da Fijo muka tashi. Tun 1975 ake harhaɗa ta a Kakuri, kuma 504 ta ci gaba da fitowa daga can shekaru masu yawa bayan Turai ta daina yayinta. Mota ce mai haƙuri, ta ci rami, ta ɗauki buhunan masara, kafiretarta kowane bakanike a ƙauye ya iya kwancewa. A 1975 ɗin ma ita ta lashe gasar Safari ta Kenya. Babu mai musun ƙarkonta. Amma ƙarko daban, kariya daban. Ƙarko shi ne mota ta daɗe tana aiki. Kariya ita ce ranar da abin ya faru ka fito da ƙafafunka. 504 zanen 1968 ce, an yi ta ne tun kafin a fara gwajin karo irin na yau.

In mota tana tafe a kan 80 ta daki abu, ƙarfin gudun nan dole ya tafi wani wuri, ba ya ɓacewa. Ko dai ƙarfen gaba ya shanye shi ta hanyar lanƙwashewa, ko ya wuce kai tsaye zuwa ƙirji da wuya da hanta na wanda ke zaune a ciki. Yaron da ya faɗo daga katanga kan tulin yashi zai tashi yana kakkaɓe riga, yashin ne ya lotsa. Wanda ya faɗo kan daɓen siminti sai an kai shi wurin mai ɗori, simintin kuwa ko tsagewa bai yi ba, kuma ban taɓa jin wanda ya yaba wa simintin ba. Amma a mota kullum shi ake yabo. Za ka ji ana labari a majalisa, "wallahi motar ko bamba ba ta lotsa ba," in ka tambayi direban sai a ce ai Allah ya yi masa rasuwa.

Motar zamani da gangan aka raba ta biyu. Gaba da baya an yi su ne su naɗe daki-daki, inji ya zame ƙasa maimakon ya shigo kan gwiwoyinka, sandar sitiyari ta karye a inda aka tsara mata. Ɗakin da mutane ke zaune kuma, wato ginshiƙan gefen gilashi, da na tsakanin ƙofofi, da dokin ƙofa, da rufi, an yi su da ƙarfen da ya fi na 504 tauri nesa ba kusa ba. Fatar ƙofar da kake ƙwanƙwasawa a yawancin motoci ba ta kai kaurin milimita 1 ba, kuma ba aikinta ba ne tare komai. Sandar da ke tarewa tana can ciki, yatsanka ba zai kai gare ta ba. Batun wai an rage ƙarfe kuwa, sikeli ya ƙaryata shi: Golf ta farko ta 1974 wajen kilo 800 take, ta yanzu ta haura kilo 1,200. Kuma Marsandin da Yaya ke kafa hujja da ita, su ne suka fara wannan dabara ta gaba da baya masu naɗewa. Injiniyansu Béla Barényi ne ya ƙirƙiro ta, suka sa ta a motocinsu tun 1959.

In Yaya bai gamsu ba, gani ya kori ji. A 2009 wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959, tsohuwa zundumemiya duk ƙarfe, da Chevrolet Malibu ta 2009, gaba da gaba, kowacce a kan kilomita 64. Bidiyon yana nan a YouTube. Gaban Malibu ya tafi, amma ɗakinta yana tsaye. Tsohuwar kuwa ɗakin ne ya naɗe a kan mutum-mutumin da ke tuƙi, sitiyari ya same shi a ka. Saboda haka motar da ka gani a Jaji, murƙushewar gabanta ba ta gaya maka komai. Da ka duba ne: ƙofofi sun buɗu? Ginshiƙin gefen gilashi ya lanƙwashe? Rufi ya karye a tsakiya? Wurin ajiye ƙafa ya matse? In duk waɗannan lafiya lau suke, to motar ta yi aikin da aka saye ta dominsa.

Sai dai zargin da Yaya ke yi wa kamfanoni ba a banza yake ba, ya dai kama wurin da ba nan ba ne. Kamfani ɗaya yakan sayar da suna ɗaya a ƙasashe biyu da kariya daban, gwargwadon tsananin dokar kowace ƙasa. Ƙungiyar Global NCAP ta fara gwada motocin da ake sayarwa a Afirka a 2017. A 2018 ta gwada fikof ɗin Nissan NP300 Hardbody, wadda a lokacin ake tallata ta da sunan ƙarfi, ba ta samu tauraro ko ɗaya ba a kariyar manya, duk da tana da jakar iska biyu, domin ɗakin ne kansa ya rushe. A 2020 suka haɗa sabuwarta fil karo da Nissan Navara 'yar Turai ta hannu, ƙirar 2015, tsohuwar ce ta tsare direbanta. Na'urar da ke hana mota juyawa in ka kauce wa rami da gudu, wadda za ka ga an rubuta ESC ko VSC, ta zama dole a Amurka tun ƙirar 2012, a Tarayyar Turai tun 2014. Mu nan wa ke tambayarta? A bakin boda kuɗin fito ake lissafi. A hanya kuma za a tsayar da kai sau uku tsakanin Kawo da Zariya, a duba takardu, a duba tukunyar kashe gobara, ba wanda zai leƙa dashbod ya ga ko fitilar jakar iska tana aiki. Don haka in sabuwa za ka saya, nemi sakamakon gwajin wadda aka yi wa Afirka, kada a nuna maka taurarin 'yar uwarta ta Turai.

Da kuɗin kofaretib na san 'yar Kwatano ce ta fi kusa, kuma a nan ne raina ya fi ɓaci. Da yawa daga motocin nan a gwanjon motocin haɗari aka sayo su a Amurka. Wannan ba laifi ba ne in an gyara da gaskiya. Amma jakar iska tana da tsada, sai wasu marasa tsoron Allah su tura tsumma ko soso a cikin sitiyari, su manne murfin da gam, su lulluɓe dashbod da sabuwar leda. Na sha buɗe sitiyarin mota mai sheƙi in tarar da ramin wayam. Fitilar gargaɗin kuma ko su cire ƙwanta, ko su jona ta da wayar fitilar baƙin mai don ta riƙa mutuwa tare da ita. Ga yadda za ka kama su: murɗa makulli fitilun dashbod su kama, kada ka tayar da inji, ka zuba wa fitilar SRS, wato ta jakar iska, ido. Mai lafiya za ta kama, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta mutu ita kaɗai, ta baƙin mai tana nan a kunne. In ba ta kama ba sam, ko kuma ta ƙi mutuwa sai inji ya tashi sun mutu tare, rufe ƙofar ka yi sallama. Ka ja kowane bel da ƙarfi farat ɗaya ka ji ya cije. Ka ɗaga kafet da robar bakin ƙofa ka nemi walda, don akwai motocin da rabi biyu ne aka haɗa, kuma ginshiƙin da aka gasa da wuta aka miƙar ba zai sake riƙe komai ba. Sannan ka kwafi lambar shasi mai harafi 17 ka sa a intanet, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjo za su fito. Da lambar nan dai ka duba shafin NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran mota ta Amurka, ko motar tana cikin masu jakar iskar kamfanin Takata da ba a canja ba. Sinadarin cikinsu zafi da laima suna lalata shi, yakan fashe ya watso ƙarfe a fuska, kuma Accord da Corolla da Vibe na shekaru da dama suna cikin waɗanda abin ya shafa.

Sauran ɓarnar kuma da hannunmu muke yi. Mutum ya sayi mota mai kyau ya wuce da ita Panteka a yi masa waldar ƙaton ƙarfe a gaba, wai kariya. Ya kashe wurin da aka yi don ya naɗe, ya rikita na'urar da ke gaya wa jakar iska lokacin fashewa, in ya taɓa ɗan acaɓa kuma sai dai addu'a. Wani ya zagaya da bel ta bayan kujera ya maƙale don ƙarar ta daina damunsa, har ɗan ƙarfen toshe ramin ake sayarwa a danja. Jakar iska ba tare da bel ba duka ce, ba taimako ba. Uwa a gaba da jariri a cinya, tana ganin ta riƙe shi, alhali a karon kilomita 50 kacal babu hannun da zai iya riƙe yaro. In ka yi magana a ce ai in ajali ya yi ya yi. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Yaran nan amana ce, ba su suka zaɓi motar ba, ba su suka zaɓi gudun ba, kuma in ka ninka gudu ƙarfin karo sau huɗu yake ninkuwa.

A taƙaice dai, Malam, 406 mai lafiya ba laifi a zirga-zirgar cikin gari, ga kayan gyara ko'ina, amma ta tsufa, kuma ga mai bin hanyar Zariya kowane mako da yara ba ita zan zaɓa maka ba. Nemi Corolla ko Camry ta Amurka daga ƙirar 2010 zuwa sama, don daga nan VSC da jakar iskar gefe suka zama na kowa a cikinsu, ko wata sa'arsu mai irin wannan kaya, ko da tambarinta bai burge 'yan majalisa ba. Kada ka kashe bashin duka a kan kuɗin mota, ka rage na taya huɗu sababbi da kujerar yara ga ƙananan. Ranar dubawa ka tafi da bakaniken da ke da kwamfutar duba mota, wanda kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba, kuma ka ce ya shiga ɓangaren SRS da na ABS, wato na'urar birki, kada ya tsaya a inji kawai.