Tambayoyinku: Taswirar tunani a waya, karatu ne ko gayu?

Assalamu alaikum jama'a. Saƙonni huɗu ne suka taru min kusan duk a kan abu ɗaya, sai na ce bari in haɗa su wuri guda mu huta. Masu tambaya kan wayar hannu-biyu ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina aji biyu a makarantar koyon aikin jinya, wallahi handawut ya mana yawa, na kwas ɗaya ma ya haura shafi 70, ina karatu har biyun dare amma da safe kamar an wanke allo. Toh akwai wata 'yar ajinmu da nake gani tana zana wani abu a wayarta kamar bishiya mai rassa kala-kala, ta ce mayin maf sunansa wai da shi take karatu. Don Allah da gaske yana aiki ko gayu ne kawai, kuma wace manhaja zan sauke da ba za ta cinye min data ba? (Ɗaliba daga Gusau)

AMSA: Ƙanwata sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Abin da kika gani ni taswirar tunani nake ce masa, kuma ba wani abin wuya ba ne, ki rubuta kan maganar a tsakiya, ki fitar da manyan rassa daga jikinsa, kowane reshe ya haifi ƙanana, shi ke nan fa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tony Buzan ne ya yayata shi, a 1974 ya yi shiri a talabijin ɗin BBC yana koyar da shi, ya yi ta rubuce-rubuce a kai har ya mutu a 2019.

Ɗauki zuciya tunda layinku ne. A tsakiya ki sa ZUCIYA. Reshe na farko ɗakuna, ƙarƙashinsa huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Na biyu hanyar jini, ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zaga jiki ya tura shi huhu ya ɗebo iska, na hagu ya karɓo daga huhu ya harba wa sauran jiki. Na uku bawul ɗin nan guda huɗu da ke hana jini komawa baya, na huɗu jijiyoyin da ke ciyar da ita kanta zuciyar, na biyar cututtuka. Kowane reshe kalma ɗaya ko biyu kawai, in ta yi yawa uku. Wannan ƙa'idar ita mutane suka fi karyawa, sai ki ga mutum ya kwafo sakin layi guda ya liƙa a kan reshe, toh ai handawut ɗin ne dai ka canja masa riga. Wahalar matse shafi biyu ya koma kalma biyu ɗin nan, ita ce karatun.

Amma ga inda gizo ke saƙar. A 2011 wasu masu bincike a jami'ar Purdue ta Amurka, Jeffrey Karpicke da Janell Blunt, sun ba ɗalibai wani rubutu na kimiyya su karanta, wasu aka ce su zana taswirar abin da ke ciki da takardar a buɗe a gabansu, wasu kuma aka ɗauke takardar aka ce su rubuta duk abin da suka iya tunawa, su sake dubawa su sake rubutawa da ka. Bayan mako ɗaya aka yi musu jarabawa, masu rufe takarda suka fi cin maki, alhali su kansu ɗaliban ba su zaci haka ba. A mujallar Science aka buga sakamakon. Abin da na ɗauka daga nan shi ne zane da littafi a buɗe yana da daɗi, yana sa ki ji kamar kin iya, amma idonki ne ke aiki ba kanki ba. Don haka ki haɗa biyun, ki karanta babi, ki rufe handawut ki kife shi, ki zana taswirar da ka, duk inda kika maƙale ki bar reshen fanko kar ki leƙa, sai kin gama sannan ki buɗe ki cike gurbin da ja. Jajayen nan su ne abin da ba ki sani ba, su za ki bi gobe. Bayan kwana uku ki sake zanawa daga farko ba tare da kallon tsohuwar ba, sai kuma bayan mako. Kuma ki fara tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Maganar manhaja kuwa, a waya ki gwada SimpleMind ko XMind, dukansu suna da na kyauta kuma in kin sauke suna aiki ko babu data. In kina da laftof akwai Freeplane, ita gaba ɗaya kyauta ce, fuskarta dai ba kyau kamar kayan da amma tana aiki. A XMind ta kwamfuta maɓallin Tab yana haifo ƙaramin reshe, Enter kuma ya ba ki ɗan uwansa a gefe, in kin riƙe waɗannan biyun kin gama. Sai dai in gaya miki gaskiya ni kaina in abu ya yi tsanani bayan tsohuwar kalanda nake juyawa da biro biyu, shuɗi da ja, don allon waya ƙarami ne, rassa na wuce shida za ki koma aikin buɗawa da matsewa da yatsu, ga sanarwar WhatsApp tana faɗowa daga sama, ga caji kashi 9 ba wuta. Kuma ki kula da zaɓen kala, na ga wanda ya kwashe awa guda yana canja launin reshe ɗaya.

TAMBAYA: Salamu alaikum. Ina koyar da fiƙihu da nahawu a wata Islamiyya, ɗana ya nuna min wannan zane a salularsa ya ce in riƙa yi wa ɗalibai. Ni ina ganin abin lakwal ne, wato boko, shin ya dace da karatun addini? (Wani malami daga Damagaram)

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ai in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, ku kuka riga mu yin wannan zane. Ranar farko da yaro ya zauna karatun nahawu me ake ce masa, kalma kashi uku ce, ismi da fi'ili da harafi, fi'ili kuma ya rabu uku, mali da mudari'i da amri. Wannan ai bishiya ce da rassanta, da baki kawai kuke zana ta. Haka salsalar nasaba da ake rubutawa a gidajen malamai da na sarauta. Abin da salula ta ƙara kawai shi ne za a iya jan reshe a matsar da shi ba sai an goge allo ba, kuma a tura wa ɗalibai hotonsa.

Inda na ga zai fi taimaka wa Malam shi ne babin gado. A sa rabo shida a matsayin manyan rassa, rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi, ƙarƙashin kowane a jera masu cinsa da sharaɗinsu, misali rubu'i na miji ne in matar ta bar ɗa ko 'ya, kuma na mata ne in mijin bai bar ba, in ya bari ta koma sumuni. Yaro na gani a fuska ɗaya zai gane cewa haihuwa ce ke rage rabon miji da mata zuwa rabin abin da za su samu. Amma da an zo hajabu, wato wa ke kange wa, bishiya ba za ta isa ba, saboda ɗa yana kange jika ta wajen ɗa kuma yana kange 'yan'uwan mamaci, uba yana kange kaka na wajen uba, layukan suna tsallaka rassa. Nan sai a koma wani salo da Joseph Novak ya ɓullo da shi a jami'ar Cornell a 1972, inda ake jan layi daga wannan zuwa wancan a rubuta alaƙarsu a kan layin, kamar "yana kange". Yawancin manhajojin suna da irin wannan layin haɗi. A gwada rubutun Larabci tukuna kafin a yi nisa don ba kowace ce ke jera shi daidai daga dama ba, na Hausa kuwa in an sa madannin Gboard na Hausa za a samu ƙ da ɗ da ɓ. Hadda dai tana nan inda take, zane ba ya maye gurbin tilawa, kuma Malam ya fi ni sanin wannan.

TAMBAYA: Yallaɓai ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ajinmu, mun watsu wasu Kano wasu Legas akwai ma na Kumasi da Jidda. Muna so mu fara wata sana'a da kuɗin asusu amma kullum a girup ake ta voyis har ɗari biyu, ƙarshe maganar ciyaman ake bi kowa ya yi ta gunaguni. An ce akwai allo na intanet da kowa zai sa shawararsa, ya ake yi? (Sakatare daga Kano)

AMSA: Ɗan uwa na tausaya maka, sauraron voyis ɗari biyu ai shi ma aiki ne da ya kamata a biya ka. Akwai allon, Coggle da MindMeister da Miro duk suna bari mutane da yawa su yi rubutu a taswira ɗaya lokaci guda, kai ka buɗe ka tura musu link. Na kyautarsu yana da iyaka, taswira uku-uku ne kusan dukansu, a Coggle in ka wuce ukun sirri sauran a fili suke zama kowa na iya gani, don haka kar ku sa lambar asusu ko sunayen waɗanda ake bin bashi. Kuma waɗannan suna buƙatar netwok, ba kamar na ɗalibar Gusau ba.

Amma allon ba shi ne maganin ciyaman ba, tsarin ne. Wanda ya yayata zaman zuba shawara irin wannan wani ɗan kasuwar talla ne a Amurka, Alex Osborn, a littafinsa na 1953, dokarsa ita ce a lokacin kawo shawara ba a kushe ta kowa, a tara da yawa tukuna tacewa daga baya. Sai dai tun 1958 wani gwaji a jami'ar Yale ya nuna cewa in kowa ya zauna shi kaɗai ya rubuta nasa sannan aka haɗa, an fi samun shawarwari fiye da a taru ana magana, kuma a 1987 wasu Jamusawa biyu, Diehl da Stroebe, suka nuna babban dalili shi ne jiran layi, kana jira wani ya gama magana taka ta gudu. Mu kuma ga namu ƙarin, in babba ya yi magana waye zai ce a'a, sai "haka ne ranka ya daɗe".

Na gani da idona a kwamitin gyaran rijiyar burtsatsen unguwarmu. Zama uku muka yi ana maganar kuɗin man janareta, da muka buɗe taswira muka ce kowa ya sa nasa kafin Juma'a sai ga wani reshe a can gefe an rubuta "sola" da "a samu mai riƙe makulli", ashe wani yaro ne mai gyaran waya da bai taɓa buɗe baki a zama ba, kullum yana bakin ƙofa kusa da takalma. A ranar ne kuma wani dattijo ya goge reshe guda da babban yatsansa bai sani ba, Allah ya sa akwai maɓallin mayar da baya. Toh kai ma haka za ka yi, ka sa tambaya ɗaya tak a tsakiya, misali "sana'ar da jarinmu zai iya", ka ba da kwana uku, kowa ya sa aƙalla biyar, ba sharhi ba dariya, ciyaman ya sa nasa a ƙarshe, wannan ka roƙe shi a keɓe cikin ladabi ba a girup ba. Wanda ba shi da data ko allon ya rikita shi ya turo maka a rubuce kai ka ɗora. Sannan ka ja masu kama da juna ka haɗa su reshe ɗaya, kiwo wuri ɗaya, sufuri wuri ɗaya, sayen hatsi a ajiye wuri ɗaya, ka ɗauki hoto ka tura, sai a zo a yi faɗan a kan abin da kowa ke gani.

TAMBAYA: Malam na ga wata manhaja da in ka loda mata PDF ita za ta zana maka taswirar cikin minti ɗaya. Ba wannan ya fi sauƙi ba? (Ɗalibi daga Jos)

AMSA: Ya fi sauƙi mana, kamar yadda in abokinka ya ci tuwo ya fi maka sauƙin wanke hannu. Ita ta karanta ba kai ba, kuma takan tsallake abu ko ta sa reshe inda ba wurinsa ba, kai da ba ka karanta ba ta ina za ka gane. In za ka yi amfani da ita ka zana taka tukuna da ka, sannan ka sa ta yi tata ka gwada su, inda kuka saɓa ka koma littafi ka ga wa ke da gaskiya. Kuma duk taswirar da ka sha wuya a kanta ka fitar da ita a hoto ko PDF ka ajiye a wayarka, Google ma sun rufe allonsu na Jamboard a ƙarshen 2024.