Yadda Sarki Salim na Farko ya ci Misra

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda Sarkin Daular Usmaniyya Salim na Farko ya kifar da Mamlukawan Misra, wato sojojin da ke mulkin Misra da Sham a wancan zamani, cikin 'yan watanni. Babban dalili shi ne igwa da bindiga.

Salim ya hau mulki a 1512, bayan ya tilasta wa mahaifinsa Bayazid na Biyu sauka. A 1514 ya fatattaki Shah Isma'il na Farisa a Caldiran, sannan ya juya kudu. Mamlukawa barade ne na gaske, amma suna ganin harbi da bindiga ba aikin jarumi ba ne. A Marj Dabik kusa da birnin Halab na ƙasar Sham, cikin Agustan 1516, igwa ta tarwatsa dawakinsu, sarkinsu Ƙansu al-Gauri ya mutu a filin daga. Ga kuma cin amana: gwamnan Halab, Khair Bak, ya janye mutanensa ana tsaka da yaƙi. Ni a ganina, a wannan yaƙin dai, cin amanar ya fi igwar ma illa.

A Janairun 1517 aka sake gwabzawa a Ridaniyya kusa da Alƙahira, birnin ya faɗi, daga baya aka rataye sabon sarkin Mamlukawa Tuman Bay a ƙofar Zuwaila ta Alƙahira. Sharifin Makka ma ya aiko da mubaya'arsa.