Me ya haɗa Anansi da Gizonmu?

Malama, kin tambayi abin da ya sa gizo-gizon sababbin littattafan almara na Karebiyan yake kama da Gizo. Sunansa Anansi, asalinsa tatsuniyoyin ƙabilar Akan ta ƙasar Gana. Bayin da aka kwasa a jiragen ruwa ne suka kai shi Jamaika a bakinsu. Wayo, kwaɗayi, damfarar manyan dawa, duk halin mijin Ƙoƙi ne sak.

Ba Anansi kaɗai ne ya ƙetara daga Afirka ba. Ki nemi littattafan marubuciya Nalo Hopkinson, haifaffiyar Jamaika. A littafinta Brown Girl in the Ring na 1998, iskokin da suka samo asali daga Yarbawa, irin su Eshu, suna hawa kan mutane a tsakiyar birnin Toronto. Wallahi wurin nan ya tuna min da hawan bori, sai da na maimaita shi.