Keken lantarki: inji mai wat 1000 ko babban batir?

Wani ɗan kasuwa mai shagon firobishin a babbar kasuwar Gombe ya turo min tambaya, ya ce kuɗin fetur ya ishe shi, yana so ya sayi keken lantarki yaronsa ya riƙa kai wa kwastomomi kaya Pantami da Bolari da Tumfure. An nuna masa guda biyu, ɗaya inji wat 1000 batir 48V 12Ah, ɗayan inji wat 500 batir 48V 20Ah kuma ya fi tsada, mai sayarwa ya ce masa na wat 1000 ɗin ya fi ƙarfi. Wanne zai ɗauka?

To Alhaji, mai sayarwa bai yi ƙarya ba amma bai gama maganar ba. Wat ɗin inji shi ne ƙarfin ja, batir kuma shi ne tankin mai, kai kuma da kake neman riba tankin ya kamata ka fara leƙawa.

Lissafin ba wuya, ka ɗauki lambar V ka ninka da lambar Ah, abin da ya fito shi ne yawan wutar da batirin ke ɗauka. Na farko 48 sau 12 ya ba ka 576, na biyu 48 sau 20 ya ba ka 960. Idan aka murɗe totur har ƙarshe inji mai wat 1000 zai shanye 576 ɗin nan cikin kamar minti 35, shi kuwa mai wat 500 sai ya kusa awa biyu kafin ya ga bayan 960. Gaskiya ne inji ba kullum yake jan cikakken ƙarfinsa ba, a miƙaƙƙen titi kaɗan yake sha, amma tsakani da Allah wane yaro ne za ka ba keke mai gudu ya ƙi murɗawa? Mu ƙaddara kowace kilomita tana cin 20 daga wutar nan da muka lissafa, ka ga na farko bai kai kilomita 30 ba, na biyu 48, kuma da an ɗora katan na taliya da jarkar mai an shiga yashin unguwa ko an kama hawa zuwa Tumfure lissafin nan zai ragu.

Ni dai na wat 500 zan ce ka ɗauka indai kayan katan biyu uku ne. In kuwa buhunan shinkafa kake nufi to duka biyun ba su dace ba, ƙaramin inji zai yi ta zafi har kontirola, na'urar da ke tura wa inji wuta daga batir, ta ƙone, babban kuma batirinsa ya yi masa kaɗan, sai ka nemi mai ƙafa uku.

Sannan ka tambaya batirin wane iri ne, nan ne mutane suke shan mamaki bayan wata shida. Na dalma, irin wanda ake jera huɗu masu 12V, ya fi araha amma nauyi gare shi, huɗu masu 20Ah sun haura kilo 20, kuma idan ana shanye shi tas kullum da wuri yake mutuwa. Litiyom ya fi tsada, ba nauyi, ya fi jure yawan caji. Duka biyun ba sa son zafi, kuma ka san ranar Gombe a watan Maris da Afrilu, kar yaro ya bar keken a rana ko ya jona caji batir na da zafi.

Cajin kansa ba abin damuwa ba ne wajen kuɗi, cika 960 ɗin yunit ɗaya ne da ɗan ɗoriya a mita. Lokaci ne matsalar, caja mai 3A sai ta yi wajen awa bakwai, saboda haka ka duba ko kana samun wuta da dare ko kana da sola a shago.

Kafin ka biya ka tambayi farashin sabon batir, ka raba shi kana ware wani abu kullum daga ribar kai kaya, don canza shi dole ne. Kuma ka ce a ba ka ka gwada da kaya a kai, daga kasuwa zuwa Tumfure a dawo, ka ga sanda nawa ta rage a allon da ke nuna cajin batir.