Amsar tambayar mainos ɗin delta H, daga muryar da aka turo guruf

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da dare. Ƙanwata na ji muryarki, wai me ya sa idan abu ya ƙone ya fitar da zafi ake rubuta delta H, wato canjin entalfi, da mainos alhali zafi ƙaruwa ya yi. To ni abin da na gane, ba mainos ɗin ne ya ruɗa ki ba, ba a faɗa miki daga ɓangaren wa ake lissafin ba ne. Ke kina tsaye a gefe da tamomita a hannu, kin ga ya hau, sai ki ce ai an samu ƙari. E an samu, amma ruwan da kofin da iskar ɗakin su suka samu. Sinadaran da suka haɗu kuwa asara suka yi, kuma entalfi, wato makamashin da ke tattare da su, lissafinsu ne ba naki ba. Kamar ki tura wa mutum kuɗi ne, shi alat ɗin shiga zai gani, ke na fita, kuɗin kuma guda ɗaya ne. Shi ke nan fa. A ɗauki entalfin abin da aka samu a ƙarshe a cire na abin da aka fara da shi, in na ƙarshen ya fi ƙanƙanta dole amsa ta zo da mainos, shi ne ekzotamik. In ya fi yawa fulos, endotamik, ya ja zafi daga waje kenan.

Kuma ba sai kin shiga lab ba, in akwai mai haɗa sabulu a gidanku je ki tsaya kanta ranar da za ta jiƙa soda. Ba wuta ba murhu, ruwan randa ne mai sanyi, amma tana zubawa tana juyawa bokitin zai ɗau zafin da ba za ki iya riƙe shi ba. Kowane mol na soda (mol ma'aunin yawan sinadari ne), giram 40 kenan, yana sakin wajen kilojul 44 in ya narke. Kilo 1 mol 25 ne, ki buga, kilojul 1,100. Ki zuba wannan a ruwa lita 3, a takarda zafin zai hau da sama da digiri 80, a zahiri ba zai kai haka ba don wani yana gudu ta jikin bokiti da iska, amma ya isa ya sale fata. Shi ya sa ake zuba sodar cikin ruwa kaɗan kaɗan, ba a kwara ruwa a kanta, fantsama take yi. Kuma don Allah ku gaya musu su daina jiƙawa a tukunyar dalma, soda tana cin alminiyom, har iskar haidurojin take fitarwa mai kama wuta, roba mai kauri za a nema. Na sha faɗa ana ce min ai haka muka saba. To.

Kishiyarsa kuma takin yuriya, 'yan noman rani sun sani, ka jiƙa shi da yawa a ruwa kaɗan ka taɓa bokitin za ka ji sanyi ƙarara, wajen kilojul 15 yake ja a kowane mol, fulos kenan. To tsaya, kafin wani ya kama ni ya ce ai narkewa ce wannan ba riyakshan ba, wato ba a samu sabon sinadari ba, na ji, narkewa ce, amma dokar alamar ɗaya ce. In riyakshan na gaske kuke so ga dutsen da ake siminti da shi, wanda ake gasawa a Kalambaina ta Sakkwato da Obajana ta Kogi, sai an kai shi wajen digiri 900 yake rabuwa ya saki iskar CO2, kilojul 178 yake ci a kowane mol, fulos. Kana rage wuta yana tsayawa, don shi ba ya ciyar da kansa.

Yanzu ga inda raina ke ɓaci. Akwai wani handawut da ke yawo a wuraren lesin, na gan shi a hannun yaro da idona, an rubuta ɓaro ɓaro wai karya bon, wato ɗaurin da ke riƙe atom da atom, yana fitar da makamashi. Wallahi ƙarya ne, kuma shi ke kayar da yara a WAEC da JAMB. Karya bon ci yake yi, kullum, babu ranar da zai ba ka ko jul 1. Haɗa sabon bon shi ke bayarwa. Na je na yi wa mai lesin ɗin magana cikin mutunci ya ce min shekara nawa yana koyarwa, ni yaushe aka haife ni, kuma har yau ana fotokwafin abin ana sayar wa yara, iyaye na biya. Allah ya kyauta. Ku ɗauki haidurojin da kilorin, ana kawo ta a jarrabawa. Karya bon ɗin H da H (haidurojin) kilojul 436 a kowane mol, karya Cl da Cl (kilorin) 242, jimla 678, wannan ka kashe. Sai aka samu HCl guda 2, kowane 431, 862 kenan, wannan ya fito. 678 a cire 862, mainos 184. Wanda ya bi handawut ɗin can zai samu fulos 184, kuma ku lura, fulos 184 ɗin tana nan zaune a cikin zaɓin, da gangan suke sa ta.

Shi ya sa ma gas ɗin girki ba ya kamawa da kansa sai an ƙyasta ashana, sai an fara biyan kuɗin karya bon na farko, daga nan zafin da ke fitowa ya ci gaba da biya. Wannan kuma wani babi ne, a bar shi, kar in haɗa muku biyu.

Dokar Hess da wani ya tambaya shekaranjiya ba a amsa masa ba, ita ma duk tafiyar ɗaya ce. Shi Hess ɗin a Rasha ya yi aikinsa, 1840 ya fitar da ita, cewa ko ta wace hanya ka bi, in mafari ɗaya ne ƙarshe ɗaya ne, jimlar zafin ba ta canzawa. Gawayi in ya ƙone sarai ya zama CO2, mainos kilojul 393.5 a kowane mol. In iska ta yi masa kaɗan sai ya tsaya a CO, kuma wannan matakin auna shi kai tsaye wahala gare shi, don ba za ka iya ce wa wuta tsaya a rabi ba, dole wani ya zarce. Amma ƙona CO ya zama CO2 ana iya aunawa, mainos 283. Sai ka cire, ragowar mainos 110.5, ka samu amsa ba tare da ka auna ba. Ku duba fa, ko kashi 1 cikin 3 na zafin gawayin bai kai ba, ga shi kuma CO ɗin nan guba ce marar wari marar launi. Masu shiga ɗaki da kaskon gawayi lokacin hunturu suna rufe ƙofa da taga, wannan ce ke kwantar da mutane, daga ciwon kai sai barcin da ba tashi. Ku ja kunnen tsofaffin gida.

Yauwa ƙanwata, ga aiki, ke da duk mai so. An haɗa asid HCl mililita 50 da ruwan soda mililita 50, kowanne mol 1 a lita, tamomita ya hau da digiri 6.8. Ki ɗauka nauyin ruwan giram 100 ne, ki buga da 4.2 ki buga da 6.8, jul ne zai fito, ki mai da shi kilojul, sannan ki raba da mol ɗin ruwan da aka samar, ba da 100 ba, nan ake zamewa. Ki duba littafinki ki ga ko ya zo kusa da 57. Wanda ya turo min lamba tsirara ba alama ba kJ (kilojul) a kowane mol, ba zan ma duba ba. A nan guruf za ku turo, ban da firaibet, cajina saura kaɗan.